Half of a Yellow Sun: Soyayya da juriya a yaƙin basasar Najeriya

Half of a Yellow Sun fim ne da aka fitar a shekarar 2013, wanda ya ba da labarin wasu tagwaye mata 'yan ƙabilar Ibo da mazajen da suke so, tun daga lokacin da Najeriya ta sami mulkin kai a 1960 har zuwa ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Marigayi Biyi Bandele ne ya tsara wasan ya kuma ba da umarni, bayan da ya ɗauko labarin daga littafin Chimamanda Ngozi Adichie mai wannan suna.

A lokacin da aka shirya shi, an bayyana shi a matsayin fim mafi tsada da aka taɓa yi a Najeriya. To sai dai abin da ya fi jawo hankalin jama'a kansa shi ne jinkirin fiye da watanni biyu da aka samu kafin hukumar tace fina-finai ta ƙasar ta amince a nuna shi a gidajen sinima. Wannan jinkiri ya nuna cewa shekaru 44 bayan an ajiye makamai, maganar yaƙin ba ta daina sosa zukatan 'yan Najeriya ba.

Fim ɗin bai ɗauki mai kallo zuwa fagen daga ko ofisoshin janar-janar ba. Ya tsaya ne a cikin gida ɗaya, yana nuna yadda yaƙi ya shigo ya tarar da iyalin suna fama da rigingimunsu na cin amana da kishi, da kuma yadda wahala ta tilasta musu yafe wa juna abin da ba su iya yafewa ba a lokacin zaman lafiya.

Ma'anar sunan da asalin littafin

Sunan fim ɗin yana nufin rabin rana mai launin rawaya. An ɗauko shi ne daga tutar Biyafara, wadda ke da launin ja da baƙi da kore, a tsakiyarta kuma akwai hoton rana tana hudowa da tsirkiya 11, adadin lardunan tsohuwar Jihar Gabas. Sojojin Biyafara sun riƙa ɗaura wannan alama a hannun rigunansu.

An haifi Chimamanda Adichie a Inugu a 1977, wato shekaru bakwai bayan an gama yaƙin, ta kuma tashi a harabar jami'ar Nsukka inda mahaifinta yake koyarwa. Kakanninta maza biyu, na wajen uwa da na wajen uba, duk sun rasu a lokacin yaƙin. Daga abin da iyayenta da danginta suka ba ta labari, tare da abin da ta karanta, ta gina littafin, wanda aka buga a 2006. Shi ne littafinta na biyu bayan Purple Hibiscus na 2003.

A 2007 littafin ya ci kyautar Orange da ake ba marubuta mata a Birtaniya. A 2020 kuma masu karatu suka zaɓe shi a matsayin wanda ya fi fice cikin dukkan littattafan da suka ci wannan kyauta a shekaru 25 na farko.

Ba ita ce ta fara rubutu a kan yaƙin ba. Flora Nwapa da Chukwuemeka Ike da Buchi Emecheta da Elechi Amadi da Ken Saro-Wiwa duk sun riga ta. Abin da ya bambanta nata shi ne ya fito daga hannun wadda ba ta ga yaƙin da idonta ba, ya kuma isa ga miliyoyin matasa na gida da waje waɗanda su ma gadon labarin suka yi.

Abin da labarin ya ƙunsa

Olanna da Kainene 'ya'yan wani hamshaƙin attajiri ne a Legas, waɗanda suka dawo gida bayan sun yi karatu a ƙasashen waje. Ko da yake tagwaye ne, ba su kama da juna a fuska ko a hali. Olanna mai taushin zuciya ce, Kainene kuwa mai kaifin harshe da basirar kasuwanci.

Iyayensu sun so Olanna ta ba wani minista haɗin kai domin mahaifinta ya sami kwangila. Ta ƙi, ta tattara kayanta ta koma Nsukka wajen Odenigbo, wani malamin jami'a mai zafin ra'ayin siyasa, wanda abokansa ke taruwa a falonsa kowane dare suna muhawara a kan mulkin mallaka da makomar Afirka. A gidan akwai Ugwu, yaron gida da aka kawo daga ƙauye, wanda maigidan ya sa a makaranta. Ita kuwa Kainene ta tafi Fatakwal ta riƙe harkokin mahaifinta, ta kuma faɗa soyayya da Richard, wani Baturen Ingila da ya zo Najeriya da niyyar rubuta littafi.

Rigimar farko daga cikin gida ta taso. Mahaifiyar Odenigbo ba ta yarda da Olanna ba, tana ganin mace mai zurfin boko ba za ta yi wa ɗanta biyayya ba. Sai ta kawo wata yarinyar ƙauye mai suna Amala ta shirya yadda za a yi ta kwana da ɗanta, yarinyar kuma ta sami ciki. Cikin ɓacin rai Olanna ta aikata irin wannan laifi da Richard, abin da ya raba ta da 'yar uwarta na tsawon shekaru. Da Amala ta haifi mace, ita da tsohuwar suka juya wa jaririyar baya, Olanna ce ta karɓe ta ta rene ta kamar ita ta haifa.

Ana cikin haka juyin mulki ya auku, kashe-kashe suka biyo baya. 'Yan uwan Olanna da ke zaune a Kano suna cikin waɗanda suka rasa rayukansu, shi kuma Richard ya ga yadda sojoji suka buɗe wuta a filin jirgin saman birnin. Da yaƙi ya ɓarke iyalin suka bar Nsukka cikin gaggawa zuwa Abba, garinsu Odenigbo, daga nan zuwa Umuahia. A kowane zango gidan da suke samu yana ƙara ƙanƙancewa, abinci yana ƙara wuya, har mutanen da suka saba da mota da firji suka koma zaman ɗaki ɗaya da bin layin kayan agaji.

Wurin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne ɗaurin auren Olanna da Odenigbo, inda jirgin yaƙi ya yi ruwan bama-bamai ana tsakiyar biki. Mahaifiyar Odenigbo, wadda ta ƙi barin garinsu, an kashe ta, shi kuma baƙin ciki ya jefa shi cikin shan giya. An kama Ugwu an sa shi aikin soja ƙarfi da yaji, har aka ɗauka ya mutu kafin ya sake bayyana.

A ƙarshe Olanna da iyalinta sun sami mafaka wajen Kainene, wadda a lokacin take kula da wani sansanin 'yan gudun hijira. A can ne tagwayen suka shirya. Ana dab da gama yaƙin, Kainene ta tsallaka bakin daga domin ta sayo abinci a ɓangaren da sojojin tarayya ke riƙe da shi, irin fataucin kasada da matan Biyafara da yawa suka yi a zahiri. Ba ta dawo ba, ba a kuma sami gawarta ba. A kan wannan jiran labarin ya ƙare.

Tarihin da labarin ya jingina a kai

Najeriya ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoban 1960 da jihohi uku, wato Arewa da Yamma da Gabas, aka ƙara ta Tsakiyar Yamma a 1963. Rigimar ƙidayar jama'a da ta zaɓe, musamman a Jihar Yamma, sun raunana gwamnatin farar hula.

Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu ƙananan hafsoshi, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo, cikinsu har da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Manjo Emmanuel Ifeajuna, suka yi yunƙurin juyin mulki. An kashe Firimiyan Arewa Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato tare da matarsa Hafsatu, da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Samuel Ladoke Akintola, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. Cikin sojoji an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam, dukkansu 'yan Arewa, da Birgediya Samuel Ademulegun da wasu. Manyan 'yan siyasar Gabas kuwa babu wanda aka taɓa.

Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo, ya karɓi mulki. Rashin gurfanar da waɗanda suka yi kisan, da kuma doka mai lamba 34 ta watan Mayun 1966 wadda ta soke tsarin tarayya, sun ƙarfafa zargin da ake yi a Arewa cewa an shirya juyin ne domin ɓangare ɗaya ya mamaye ƙasar. A ƙarshen watan Mayu tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, wadda ake tunawa da ita da sunan Araba. Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa.

Kashe-kashe mafi muni sun auku a watannin Satumba da Oktoba na wannan shekara. Ƙiyasin da masana tarihi suka fi ambata na 'yan Gabas da aka kashe a Arewa ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, fiye da mutum miliyan ɗaya kuma suka gudu zuwa Gabas. An kuma kashe 'yan Arewa mazauna Gabas a garuruwa irin su Fatakwal. Harbin filin jirgin saman Kano da fim ɗin ya nuna ya faru a zahiri a farkon Oktoban 1966, lokacin da sojojin bataliya ta biyar suka yi bore.

Taron sulhu da aka yi a Aburi ta ƙasar Ghana a Janairun 1967 bai haifar da ɗa mai ido ba, domin kowane ɓangare ya fassara yarjejeniyar yadda ya fahimta. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Kwana uku bayan haka gwamnan soja na Gabas, Laftanar Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, ya yi shelar kafa Jamhuriyar Biyafara. An fara gwabzawa ranar 6 ga Yuli, kuma Nsukka tana cikin garuruwan farko da sojojin tarayya suka kama, dalilin da ya sa iyalin da ke cikin labarin suka fara hijira da wuri.

Inugu ta faɗi a Oktoban 1967, watan da sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba. Da aka kama Fatakwal a Mayun 1968, Biyafara ta rasa hanyar teku, yunwa ta shiga. Hotunan yara masu kumburarren ciki saboda tamowa sun bazu a duniya, ƙungiyoyin coci da na agaji suka riƙa kai abinci da dare ta wani titin mota da aka mayar filin jirgi a Uli. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can ne suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971.

Birtaniya da Tarayyar Sobiyet sun ba gwamnatin tarayya makamai, Faransa kuma ta tallafa wa Biyafara a bayan fage. Ƙasashe biyar ne kawai suka amince da ita: Tanzaniya da Gabon da Côte d'Ivoire da Zambiya da Haiti. A Janairun 1970 Ojukwu ya tsere zuwa Côte d'Ivoire, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas ranar 15 ga watan. Gowon ya bayyana cewa babu wanda ya yi nasara, babu kuma wanda aka ci da yaƙi. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, mafi yawansu fararen hula da yunwa da cuta suka hallaka.

Yadda aka shirya fim ɗin

Biyi Bandele Bayarabe ne, amma a Kafanchan aka haife shi a watan Oktoban 1967, ana tsakiyar yaƙin, a can kuma ya yi ƙuruciyarsa. Ya karanci wasan kwaikwayo a jami'ar Ife kafin ya koma Landan a 1990, inda ya yi suna wajen rubuta wasannin dandamali da ƙagaggun labarai. Mahaifinsa tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, abin da ya zama tushen littafinsa Burma Boy na 2007, mai ba da labarin wani yaro Bahaushe a Yaƙin Duniya na Biyu. Half of a Yellow Sun ne dogon fim na farko da ya ba da umarni, ya kuma shafe shekaru yana fafutukar neman kuɗinsa.

Andrea Calderwood, wadda ta shirya fim ɗin The Last King of Scotland a kan Idi Amin, ita ce furodusa. Yewande Sadiku, ma'aikaciyar banki a Legas, ta jagoranci tara kuɗin. An ba da rahoton cewa an kashe tsakanin dala miliyan 8 zuwa 10, mafi yawansu daga hannun masu zuba jari 'yan Najeriya, sauran kuma daga Birtaniya, ciki har da cibiyar fina-finai ta ƙasar.

Chiwetel Ejiofor, wanda aka haifa a Landan amma iyayensa Ibo ne da yaƙin ya shafa, shi ya fito a matsayin Odenigbo. Thandiwe Newton ta fito a Olanna, Ba'amurkiya Anika Noni Rose a Kainene, Joseph Mawle a Richard, John Boyega kuma a Ugwu, tun kafin ya yi fice a Star Wars. Daga gida akwai mawaƙiya Onyeka Onwenu a matsayin mahaifiyar Odenigbo, da Genevieve Nnaji da Zack Orji da O.C. Ukeje da Wale Ojo.

Zaɓen Newton, wadda mahaifiyarta 'yar Zimbabwe ce mahaifinta kuma Bature, ya jawo ƙorafi, har wasu suka tara sa hannu ta intanet suna neman a ba 'yar ƙabilar Ibo matsayin. Masu shirya fim ɗin sun tsaya a kan zaɓinsu, domin suna bukatar sunayen da za su sayar da shi a kasuwannin duniya.

An ɗauki fim ɗin a 2012 cikin kusan makonni biyar, akasari a ɗakunan ɗaukar fim na Tinapa da ke Kalaba da kuma garin Creek Town, inda tsofaffin gine-gine suka dace da kamannin shekarun 1960. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun kamu da zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ita kanta Newton ta ci gaba da aiki tana fama da taifot.

Bandele ya sauya ginin labarin. Littafin yana kai da komowa tsakanin farkon shekarun 1960 da ƙarshensu, ta idon mutum uku, wato Ugwu da Olanna da Richard. Fim ɗin ya jera abubuwa bi da bi, ya mayar da hankali kan tagwayen, ya rage matsayin Ugwu ƙwarai. Ya kuma yi amfani da tsofaffin hotunan labarai na lokacin, har da jawaban Ojukwu, da taswirar da ke nuna hanyar da iyalin suka bi wajen hijira.

Takaddama da hukumar tace fina-finai

An fara nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Toronto a Kanada a Satumban 2013, ya shiga gidajen sinimar Birtaniya a Afrilun 2014. An tsara fara nuna shi a Najeriya ranar 25 ga Afrilu, amma ranar ta zo ta wuce hukumar tace fina-finai ta ƙasa ba ta ba da takardar izini ba.

Hukumar ta ce ba ta haramta fim ɗin ba, akwai dai batutuwan da ya kamata a warware tukuna, waɗanda suka shafi tsaro da zaman lafiya. Rahotanni da dama a lokacin sun danganta matsalar da wuraren da ke nuna kashe-kashen 1966, musamman na filin jirgin saman Kano.

Yanayin da ƙasar ke ciki ya taka rawa. A tsakiyar wannan wata na Afrilu ne bam ya tashi a tashar motar Nyanya kusa da Abuja, a daren ranar kuma 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata fiye da 200 daga makarantar Chibok. Ga kuma zaɓen 2015 yana ƙaratowa, siyasa tana ɗaukar launin yanki da addini. Masu goyon bayan hukumar sun ce nuna sojoji suna ware mutane bisa ƙabila suna harbewa, a irin wannan lokaci, tamkar zuba fetur ne a wuta.

Bandele da Adichie sun ƙi yarda da wannan hujja. A wata maƙala da ta rubuta a mujallar New Yorker, Adichie ta nuna cewa ɓoye abin da ya faru ba ya goge shi, kuma ƙasar da ba ta tattauna tarihinta a fili tana barin kowane ɓangare da nasa labarin a ɓoye. Wasu kuma sun yi nuni da cewa littafin ya shekara takwas a kasuwa ba tare da ya haddasa fitina ba. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce hoto ya fi rubutu saurin isa ga jama'a da motsa zuciya.

A watan Yuli hukumar ta amince da fim ɗin bayan an yi wasu gyare-gyare, ta kayyade shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama. An fara nuna shi a Najeriya ranar 1 ga Agustan 2014.

Yabo da suka

Masu sharhin fina-finai sun rabu. An yaba wa Ejiofor da Newton da Rose, an kuma yaba wa Onyeka Onwenu musamman saboda yadda ta fito da halin uwar miji. Kayan sawa da kiɗa da tsarin gidaje sun dawo da kamannin rayuwar 'yan boko na farkon mulkin kai, waɗanda suka ɗauka gobe tasu ce.

Sukar da aka fi yi ita ce labarin ya fi ƙarfin sa'o'i biyu. Rabin farko ya tafi a kan wa ya ci amanar wa, yaƙin kuma ya zo a gurguje. Yunwar da ta fi harsashi kisa ba ta fito sosai ba. A littafin, Ugwu ya shiga cikin sojojin da suka yi wa wata yarinya fyaɗe, abin da ya nuna cewa zalunci bai tsaya a ɓangare ɗaya ba, kuma wanda aka zalunta ma yana iya zalunta. Da aka rage matsayinsa, wannan nauyi ya ragu.

Ga mai kallo a Arewa akwai wata tambaya ta daban. Labarin na iyalin Ibo ne, ta idonsu aka ga komai. Kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da hafsoshin Arewa ya zo musu ne a matsayin labarin da aka ji daga nesa, kashe-kashen Kano kuwa danginsu ya ci. Saboda haka wanda bai san tarihin ba zai iya fita daga sinima ba tare da ya fahimci girman raɗaɗin 15 ga Janairu a Arewa ba. Haka nan ƙananan ƙabilun Gabas, irin su Efik da Ibibio da Ijaw da Ogoni, waɗanda da yawansu ba su goyi bayan ɓallewar ba, ba su sami murya ba, alhali a ƙasarsu aka ɗauki fim ɗin.

Wannan gibi ba ya nufin abin da aka nuna ƙarya ne. An kashe dubban mutanen da ba su da hannu a juyin mulkin Janairu: 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da mata da yara, waɗanda wasunsu a Arewa aka haife su. Kazalika an sami Hausawa da sauran 'yan Arewa, har da sarakuna, da suka ɓoye maƙwabtansu suka fitar da su lafiya. Littafin ya kawo misalin haka a Mohammed, tsohon saurayin Olanna ɗan sarautar Kano, wanda ya sa ta lulluɓi ya ratsa da ita cikin tarzoma zuwa tashar jirgin ƙasa.

Tarihin kansa ya nuna yadda rayuwar ɓangarorin ta cuɗanya. A Zungeru aka haifi Ojukwu, kamar yadda aka haifi Nnamdi Azikiwe a can, kuma a Kano yake riƙe da bataliya lokacin juyin mulkin farko. Nzeogwu a Kaduna ya tashi, yana jin Hausa kamar Bahaushe. Dubban matasan Arewa da suka shiga soja a 1967 sun bar mata da iyaye suna jira, wasunsu ba su dawo ba. Labarin waɗannan gidaje bai sami fim mai girman wannan ba, duk da bunƙasar masana'antar fim ta Kano.

Bayan fim ɗin

Bayan yaƙin gwamnatin Gowon ta yi shelar shirin sulhu da gyara da sake gini, ta kuma kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 domin matasa su san sassan ƙasarsu. A Gabas kuwa har yau ana tuna fam 20 da aka ba masu ajiya a banki waɗanda suka yi hulɗa da kuɗin Biyafara, komai yawan ajiyarsu, da gidajen Fatakwal da aka ayyana a matsayin dukiyar da aka yi watsi da ita. Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa a 1982, ya dawo gida ya shiga siyasa, ya rasu a 2011.

Kiran ɓallewa ya sake tasowa ta ƙungiyar MASSOB a 1999, daga baya kuma ta IPOB ƙarƙashin Nnamdi Kanu, wadda gwamnati ta haramta a 2017. A wannan shekarar ce wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin yankin, kafin su janye bayan shiga tsakanin gwamnoni da dattawa. Mafi yawan masu wannan cacar baki a ɓangarorin biyu an haife su ne bayan 1970, da yawa kuma sun yi makaranta a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, matakin da ya ɗauki fiye da shekaru goma kafin a fara warware shi.

Biyi Bandele ya ci gaba da aikin fim, ya yi Fifty a 2015, da Elesin Oba wanda ya ɗauko daga wasan Wole Soyinka. Ya rasu a Legas a Agustan 2022 yana da shekaru 54, makonni kaɗan kafin a fara nuna wannan fim na ƙarshe a Toronto. Onyeka Onwenu, wadda ta ga yaƙin da idonta tana yarinya, ta rasu a Yulin 2024.